Uwa Zaunar da Ita Ake Yi

Shekara ashirin da bakwai ina kafinta, amma ranar da gidanmu ya buƙaci kafinta sai a bakin ƙanwata na ji, bayan an gama aiki har an shafa fenti.

Autar gidanmu ce ta kira ni a waya da hantsi, ina shago ina goge ƙafar wani tebur.

"Yaya Guduma, ka zo ka ga abin da Babban Yaya ya sa aka yi wa Inna a bayan gida. Kyau kam ya yi kyau. Amma ni in na taka shi sai in ji kamar yana numfashi."

Na ce, "Wa ya yi aikin?"

Ta fara kame-kame, wannan kuwa ya ishe ni amsa. Na kashe inji, na ja ƙofar shago, ko garin katakon da ke gemuna ban tsaya kakkaɓewa ba.

Inna ce ta sa mini Guduma tun ina ƙarami, wai duk abin da na tarar a gabana sai na buga. Ban taɓa musun sunan ba. Ina da zuciya, na sani, kowa ma ya sani. Amma abin da aka yi mini, ko randar ruwan sanyi aka yi wa sai ta tafasa.

Ga yadda abin yake. Wata goma sha ɗaya ke nan da Inna ta zame a banɗaki ƙugunta ya karye, tun daga ranar sai keke. Ba a cewa keken guragu a gabanta, motata take kiransa, wanda ya kuskure kuma ya ji a jikinsa. Gidanmu a kan gangare aka gina shi. Ta gaba, ƙofa daidai take da titi. Ta baya kuwa, in ka buɗe ƙofar ɗakin Inna, ƙasa tana can ƙasa, ta fi tsayin mutum, sai an sauka matakala tara kafin a taka lambu. Lambun nan shi ne ran Inna: gwaiba biyu, kunyoyin tumatir, da wani lemun tsami da ta shuka da hannunta shekarar da Baba ya rasu. Daga bakin ƙofar ba a hango lemon, kusurwar kicin ta tare shi, sai an fito an matsa kamar taku huɗu. An taɓa gwada sauke ta a hannu sau ɗaya, ta yi kwana uku tana kukan ƙugu, ba a sake ba. Tagar ɗakinta kuma bangon maƙwabta take kallo.

Abu ɗaya ta roƙa: a yi mata dandamali na katako daidai da dokin ƙofarta, inda za a turo ta ta sha iska ta ga lemonta. A gabana ta faɗa, ni kuma na ce an gama, bari dai in kammala ƙofofin wata makaranta da na karɓa. Ƙofofin sun ja ni wata uku, ban musa ba. Na kuma yi kwana goma ban leƙa gida ba, wannan ma ban musa ba. Amma ai da raina, shagona kuma ba a wata duniya yake ba. Me zai hana a ɗaga waya a ce, "Guduma, yaushe?" Yayana bai ce ba. Mutumin da hannunsa bai taɓa riƙe abin da ya fi biro nauyi ba, shi ne ya zauna a ofis yana latse-latsen waya har ya samo wani ɗan kwangila, ya kawo shi gidan da kafinta ya gina ya haife mu a ciki.

Na zaga ta ƙofar lambu. Ga abu nan a tsaye yana sheƙi, ya sha fenti ruwan zuma, har da 'yan fitilu a gefe. Yaya yana kai, hannu a aljihu. Kusa da shi ɗan kwangilar ne, baƙin gilashi a ido, takalmi fes kamar bai taɓa taka wurin aiki ba, yana ta ɗaukar hoto.

"A'a, ga ƙwararre ya iso," in ji Yaya. "Hawo ka gani."

Ban hau ba. Baba ya koya mini cewa irin wannan aiki ba ta sama ake kallonsa ba, ƙarƙashinsa ake shiga. Na sunkuya na shiga, ga kuwa abin da na gani.

Ginshiƙai huɗu, an soke su kai tsaye cikin ƙasa, ba kankare ba komai, an kai wa gara abinci har bakin ƙofarta. Katakon da aka manna a jikin bango ƙusa aka buga masa, ƙusar ma a filasta ta tsaya, ba ta kai ga bulo ba. Babu ko gicciye ɗaya da zai hana abin rangaji. Amma duk wannan wasa ne. Babban katakon nan da yake ɗauke da sauran duka, wanda Baba yake kira uwa, ba a kan ginshiƙan yake ba. A gefensu aka jingina shi aka buga ƙusa uku-uku. Nauyin dandamalin gaba ɗaya, da na duk wanda zai hau, da na Inna da motarta, a jikin ƙusa goma sha biyu yake lilo.

Sau dubu na ji Baba yana faɗa, wani lokacin da ranƙwashi: "Uwa ba a rataye ta, zaunar da ita ake yi." Ana yanka wa ginshiƙi kafaɗa ne, a ɗora uwa a kai ta zauna daram, sannan a ɗaure da noti. Aikin ƙusa ta hana katako zamewa, ba ta ɗauki kaya ba. Wannan ko wanda ya yi wata shida a shago ya sani.

Na fito na ɗaga kai na dubi mai gilashin. "Malam, kai ka yi wannan?"

"Yarana suka yi, ni na duba," ya ce. "Ƙusa ce inci shida, maigida. Ko mota aka ɗora ba abin da zai same shi."

"Ka taɓa shiga ƙarƙashinsa?"

Ya dubi takalminsa.

"Guduma, rage murya, Inna tana ji," in ji Yaya. "Gobe za mu fito da ita. Na ce yara duka su zo, nawa da na Auta, da naka in ka ga dama, a yi hoto da kaka."

"Mutum nawa?"

"Ba za mu wuce sha biyar ba."

"Sha biyar! Yaya, wallahi ko akuya ba zan ɗaure a kan wannan ba. Kyan ɗan maciji ne. A rataye yake!"

"Daman na san sai ka samo abin faɗa. Wata uku kana gobe, gobe, tsohuwa tana kallon bango. Yanzu wani ya yi a kwana huɗu, hassada ta motsa. Ba wanda ya iya aiki sai kai? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Babba bai hango komai ba, tunda bai sunkuya ba. Sauko ka duba da idonka. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba."

"Ba zan ɓata wandona don in faranta maka ba."

Nan idona ya rufe. Shekara hamsin da ɗaya a duniya, da furfura a gemu, ana ce mini yaro a gaban wani mai gilashi. Abin da ya fi ci mini rai ma, rabin maganar Yaya gaskiya ce, ita ce kuwa rabin da ban so ji ba.

Akwai duro uku na roba da Auta take tara ruwa a bayan kicin. Na juye ragowar ruwan, na hau da su ɗaya-ɗaya, na jera su a bakin dandamalin ta wajen lambu, na jawo tiyo daga famfo. Kowane duro in ya cika ya kai nauyin manya uku. Na ce kowa ya sauka, na kafa tsani a gefe don in riƙa matsar da tiyon ba tare da na taka ba.

"Haba maigida," in ji ɗan kwangilar, "don mutane aka yi shi, ba don duro ba."

"Uku sau uku tara ne. Ku sha biyar kuka ce. Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba."

Muka yi cirko-cirko muna jin zubar ruwa. Na farko ya cika, shiru. Yaya ya yi wani murmushi da har yau in na tuna sai na cije haƙori. Na biyu ya kai wuya, sai muka ji ƙiii, kamar an buɗe tsohuwar ƙofa. Na uku bai kai rabi ba. Ina kallon ƙusoshin suna zarewa a hankali, uwa ta sulale daga jikin ginshiƙan tsakiya, katakon bango ya ɓalle da filastarsa, abin nan gaba ɗaya ya zo ƙasa rigijib, da fentinsa da fitilunsa. Ruwa ya kwashe kunyoyin tumatir. Duro ɗaya ya gangara a guje, bai tsaya ba sai a jikin lemon Inna, ya tsage masa babban reshe.

In na ce ban ji daɗi ba na yi ƙarya. Na juya na dubi Yaya ina jira ya ce ya gani. Fuskarsa ta yi fari fat, don ya san su wa za su kasance a kai gobe. Amma girman kai rawanin tsiya ne.

"Hankalinka ya kwanta? Ka rushe, sai ka gina. Ni na cire hannuna."

Ya fita. Mai gilashi kuwa ban ma ga fitarsa ba.

Inna tana ta ƙwala kira daga ciki. Na zaga ta cikin gida na tsaya a bakin ɗakinta, wandona yana ɗigar ruwa. Tana cikin motarta kusa da gado, Auta tana riƙe da kafaɗarta.

"Me ya faɗi?"

"Abin da zai faɗi da ke gobe ne ya faɗi yau, Inna."

"Na ji ƙarar reshe."

Auta ta dube ni. Na ce, "Wani ɗan ƙaramin reshe ne."

"Shigo ka zauna."

"Ba lokacin zama ba ne, Inna. Akwai aiki."

Na wuce ta na kulle ƙofar bayan, na zare makullin na sa a aljihu, kada wani ya manta ya buɗe ya taka iska.

Washegari na rataya wa shago kwaɗo. Kwana ashirin da shida na yi a bayan gidan nan, daga fitowar rana har faɗuwarta, kuma ba zan ɓoye ba, kowace ƙusa na buga da sunan Yaya na buga ta.

Na haƙa rami shida, ban tsaya ba sai da diga ta fara tsalle a kan ƙasa mai tauri. Na zuba kankare, na dasa takalmin ƙarfe a kan kowanne, yadda ƙafar ginshiƙi za ta tsaya sama da ƙasa, ruwa bai kwanta mata ba, gara ba ta same ta a ɓagas ba. Na bar kankaren sati guda yana shan ruwa, Auta tana ta tambaya ko an fasa ne. Katako kuwa ɗaya-ɗaya na bi shi a wurin masu sayarwa, ina ƙwanƙwasawa, ina kanne ido ina leƙa tsawonsa, har mai katakon ya ce ko suruki nake zaɓa. Na shafe su duka da maganin gara. Sannan na yanka wa kowane ginshiƙi kafaɗa da zarto da cizal, na kira leburori biyu muka ɗaga uwa muka ɗora, ta zauna yadda ko takarda ba ta shiga tsakani, na ɗaure da noti mai kaurin yatsa. Ranar na tsaya ina kallon aikin ina magana ni kaɗai, ina gaya wa Yaya abubuwan da ban samu na gaya masa ba.

Ta wajen bango na ɓare filasta har sai da na ga bulo, na huda ya ɓulla cikin ɗakin Inna, na zura dogayen noti. Sai an ɗaure su ta ciki, don haka na shiga da sifana na durƙusa a gindin bango na ba ta baya.

"Guduma, ajiye ƙarfen nan ka zauna, ina da magana."

"Inna, bari in ɗaure wannan kafin rana ta yi."

"Kullum a tsaye, kamar wanda aka aiko."

"In na gama za mu zauna har ki gaji da ni."

Na ɗaure guda takwas ɗin nan har sai da sifana ta ƙi motsi, na tattara kayana na fita, ko waiwaye ban yi ba.

Na sa gicciye tsakanin ginshiƙai. Na jera falankan ƙasa, na bar kaurin ƙusa tsakanin kowane biyu don ruwan sama ya samu hanya, na ɗan karkatar da shimfiɗar kaɗan ta wajen lambu yadda ruwa ba zai koma gindin bango ba. Bakin falankin farko na daidaita shi da dokin ƙofa, ko tayar keke ba za ta ji ta haye wani abu ba. Na yi sabuwar matakala a gefe da 'yar ƙofa mai sakata saboda jikoki.

Sai shinge. Na Yaya siraran sanduna ne, irin waɗanda ɗan shekara biyar zai jingina su tafi tare. Na ce to, yau za a ga shinge. Na ɗaure ginshiƙansa da noti a jikin uwa, na jera falankai masu faɗi a tsaye, tsakaninsu ko yatsa ba ya shiga, na kwantar da wani katako mai kauri a sama. Da jikina na auna tsayinsa, ya kawo mini sama da cibiya, ni kuwa ba gajere ba ne. Na ce ko jika ya taho a guje ya bangaje shi, ko birkin motar Inna ya kwance, ba inda za a je.

Ina cikin wannan Auta ta hawo ta sabuwar matakala da kofin shayi. Ta tsaya tana kallo, ta ɗan rage tsawo, ta miƙe.

"Yaya, shingen nan bai yi tsawo da yawa ba kuwa? Kuma ka toshe shi ruf. Ina ganin kamar Inna…"

"Ke ma kin zama kafinta? Gidan nan kowa kafinta ne sai ni! Ba a gabanki na masu son kyau ya zube ba?"

Ta dire kofin har shayi ya fantsal a kan falanki. "Allah ya ba ka haƙuri," ta ce, ta sauka abinta. An ce wanzami ba ya son jarfa. Ni a lokacin ban ga jarfa ba, raini kawai na gani.

Da na gama na aro duro biyu a maƙwabta, na haɗa da namu uku, na cika su taf na bar su kwana biyu a kai. Ko tari dandamalin bai yi ba. Na ɗauki hoto na tura wa Yaya, ban rubuta komai a ƙasa ba. Shi ma bai amsa ba, amma na ga alamar ya buɗe.

Ranar da za a fito da Inna, da yamma rana ta yi sanyi, sai ga Yaya ya zo shi kaɗai, ba yara ba hoto. Muka gaisa sama-sama. Ya hau, ya yi tafiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya ɗan yi tsalle, ya kama shingen da hannu biyu ya jijjiga da iya ƙarfinsa na ɗan ofis. Ni ina tsaye na harɗe hannu. Kwana ashirin da shida wannan fuskar nake jira.

"Ya yi ƙarfi," ya ce, kamar ana cire masa haƙori.

"A zaune yake," na ce.

Na ciro makullin na buɗe ƙofa. Auta ta turo Inna, ta sa mata farin gyalenta na fita unguwa. Tayoyin suka haye dokin ƙofa sumul. Aka wuce kusurwar kicin, aka kai ta har gaban shinge, Auta ta danna birki. Ni duk wannan da wutsiyar ido nake gani, don idona yana kan Yaya. So nake Inna ta sa mini albarka da ƙarfi, a kunnensa.

Iska tana kaɗa bakin gyalenta.

Can ta ce, "Ina lemon?"

"Ga shi can, Inna." Na nuna da hannu ta saman shingen, ban ma juya ba.

"Ina?"

"Can mana, gefen gwaiba."

"Auta," in ji Inna, "kife masa bokitin fentin can a nan kusa da ni."

Auta ta kawo bokitin ta kife, ba ta dube ni ba.

"Zauna."

"Inna, ai ina…"

"Na ce zauna!"

Rabon da in ji wannan muryar tun ina satar ƙusoshin Baba. Na zauna. Ta kama kunnena da yatsunta masu sanyi ta jawo kaina ƙasa, har kuncina ya kusa taɓa nata.

"To, nuna mini."

Katako. Shi ke nan abin da yake gabana. Falanki mai faɗi, na goge shi da sanfefa har yana santsi, da kawunan ƙusoshi a jere kamar an auna da zare, don an auna ɗin. Ga wani ɗan layin fensir da na manta ban goge ba. Hagu katako, dama katako. Can sama da katakon da na kwantar, wani siririn sararin sama da wayar lantarkin maƙwabta. Ba lemo, ba gwaiba, ba ko ganye ɗaya.

Zuciyar nan tawa da na sani ta taso tana neman wanda za ta buga. Na duba, babu kowa. Yaya bai auna shingen nan ba. Mai gilashi bai taɓa shi ba. Auta ta faɗa, na kore ta.

Na ji Yaya ya yi wani ɗan tari mai kama da dariya.

"Kai ma rufe mini haƙoran nan," in ji Inna, ba ta ko waiwaya ba. "Zo nan ka tsuguna."

Ya zo ya tsuguna a ɗaya gefen, wandon nan da ya ƙi ɓatawa yana sharar garin katako.

"Kai ka yi naka don a gani a hoto. Shi ya yi nasa don ya ba ka kunya. Duk kun samu abin da kuke so. Ni ce dai ba a yi wa ba." Ta saki kunnena. "Da ina kallon bangon maƙwabta, yanzu an fito da ni ina kallon na ɗana. Wannan ya fi kyau kam, ya sha sanfefa."

"Inna, don kada ki faɗi ne," na ce.

"Na sani. Ba zan faɗi ba. Ko giwa ba za ta faɗi ba, Allah ya yi maka albarka." Ta numfasa. "Sau biyu na ce ka zauna. Abin da zan gaya maka ke nan, ka auna da idona, kada ka auna da naka. Ubanku ya ce uwa zaunar da ita ake yi, ina ji kana ta faɗa wa leburori ta bango. To, kun zaunar da ni. Wa ya zauna ya ga abin da nake gani?"

Na yunƙura zan tashi. "Auta, miƙo mini zarto."

Inna ta damƙe gefen rigata. Hannun nan ba shi da ƙarfin da zai riƙe kaza, amma sai na ji na koma kan bokitin.

"Zarto ba zai gudu ba. Gobe ka cire, ka sa siraran ƙarafa yadda yara ba za su faɗa ba, ni kuma in gani. Ai ka iya. Yau dai zauna."

Muka zauna mu uku muna kallon falanki, Auta tana tsaye a bayanmu. Wani tsuntsu yana kuka a lambun, ba ma ganinsa.

"Tunda kai kullum kana tare da shi," in ji Inna a hankali, "gaya mini. Babban reshen da duro ya tsage, wurin ya tofo? Ya yi 'ya'ya kuwa bana?"

Kwana ashirin da shida ina aiki taku goma daga bishiyar nan, ban sani ba.